Reshen mangwaro ya rufto a layinmu: wa ke da alhakin duba bishiyoyin bakin titi a Legas?

Baban Khalifa, Agege:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ku ba ni aron kunnuwanku, don abin da ya faru a layinmu daren Talata har yau bai bar raina ba. Duk wanda ke wajen Agege ya ga iskar da ta taso kafin ruwan nan ya sauko, ana cikin sallar isha'i. Akwai wani tsohon mangwaro a gidan da ke kallon shagona. Gindinsa na cikin katanga, amma rabin rassansa a kan titi suke, har sun tsallaka sun yi wa teburin mai shayi rumfa. Babban reshen, wanda kaurinsa ya kai gangar jikin mutum, shi ya ɓalle. Ya murƙushe Keke Napep ɗin wani bawan Allah da ya ajiye ya shiga masallaci, ya wargaza teburin, ya kuma karya hannun yaron da ke wanke kofuna. Da a ce bencin nan cike yake kamar yadda ya saba bayan an idar da salla, da yanzu wani zancen muke yi.

Abin da ke ci mini rai shi ne, reshen nan ba haka kawai ya faɗo ba. Watanni uku da suka wuce na ga tsaga a daidai inda ya haɗu da uwar bishiyar, har ruwa na taruwa a ciki. Na gaya wa mai gidan. Ya ce shi ma hankalinsa ba a kwance yake ba, amma a Legas in ka taɓa bishiya ba takarda kama ka za a yi. Na je wani ofishi da nake zaton aikinsu ne, aka ce ba nan ba ne. Na je na biyu, aka ce wanda ke kula da wannan ɓangaren bai zo ba. Ni mai shago ne, ba zan riƙa kulle shago ina yawon ofis ba, sai na bari.

To ina tambaya: an hana mu sarewa, mun ji. Amma wa aka ɗora wa zagayawa ya duba bishiyoyi da shingayen da suka leƙo titi kafin su kashe wani? Shekara 19 ina garin nan ban taɓa ganin wanda ya zo layinmu ya ɗaga kai ya kalli reshe ba.

Maman Ummi, Idi-Araba:
Subhanallahi. Allah ya ba yaron lafiya, ya mayar wa mai keke da alheri. An kai shi asibiti ko wajen mai ɗori?

Baban Khalifa, Agege:
Amin Hajiya. Asibiti aka kai shi, an ɗauki hoto an sa masa filasta. Karo-karo muka yi a masallaci.

Ɗan Zazzau, Ikeja:
Allah ya kiyaye gaba. Baba, mai gidan nan rabin gaskiya ya faɗa maka. Akwai hukumar jiha mai kula da lambuna da bishiyoyi, LASPARK, dokar da ta kafa ta ta 2011 ce, zamanin gwamna Fashola. Dokar ba ta ce kada a sare ko kada a rage rassa ba. Cewa ta yi a nemi izini tukuna, ko da bishiyar a cikin gidanka take. Ka rubuta takarda, su turo mutum ya gani, in sun amince ka biya abin da suka yanka a ba ka takardar izini. In sarewa ce gaba ɗaya, ƙa'idarsu ita ce a dasa biyar a madadin ɗaya. Wanda ya yi gaban kansa kuma akwai tara, har ma da ɗauri. A rukunin gidajen da nake aiki mun taɓa bin wannan hanyar. Saboda haka mai gidan yana da ƙofar da zai bi, bai bi ba ne.

Baban Khalifa, Agege:
Na gode ƙanina, yau na san sunan wurin. Amma ka lura, duk abin da ka lissafa sai wani ya tashi ya kai kansa. In mai gida bai damu ba fa? In yana Abakuta, wata-wata yake aiko yaro karɓar kuɗin haya? Wa zai tilasta shi?

Ɗan Zazzau, Ikeja:
A nan kam ka kama ni. A ƙananan hukumomi akwai jami'an lafiyar muhalli, waɗanda Yarbawa ke kira wole-wole, mu kuma duba-gari. Suna da ikon ba mai gida takardar gargaɗi a kan abin da ke cutar da jama'a, su ba shi wa'adi, in ya ƙi su kai shi kotu. Ciyawar da ta yi tsawo da shingen da ya cinye hanya duk suna shiga ciki. A takarda kenan.

Sarkin Faskare, Oko-Oba:
Ku bar ni in faɗi nawa, don mu abin ke ƙarewa a kanmu. Ni faskare nake yi da saran itace, shekara da shekaru. Mai gida zai kira ka ya ce ga reshe na taɓa masa kwano, ku yi ciniki, ka hau da gatari. Kana sama sai ka ga mota ta tsaya. Shi mai gidan ya shige ciki ya ja ƙofa, kai da ke riƙe da gatari kai ne mai laifi. An taɓa tafiya da ni da yarona haka, suka riƙe gatura biyu da igiyata, sai da na yi asarar abin da ya fi kuɗin aikin sau uku kafin na dawo gida. Mai gidan ko leƙo mu bai yi ba. Tun daga ranar, in ba ka nuna mini takarda na ba wanda ya iya karatu ya duba ba, ko nawa za ka ba ni ba na hawa. Ina roƙon 'yan'uwa masu wannan sana'a, musamman yaran da suka sauko kwanan nan daga gida, kada yunwa ta sa ku hau icce a garin nan ba takarda.

Alhaji Mai Albasa, Mile 12:
Wallahi gaskiya ka faɗa, Sarki. Ni a ganina ma duk wata bishiyar da ke bakin titi a sare ta kowa ya huta. Legas ba daji ba ce. Gari ya cika ya batse, mota kan mota, waya kan waya, sannan a bar mana dodo a bisa kai? Ran mutum ɗaya ya fi bishiya dubu.

Maman Ummi, Idi-Araba:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma ban bi ka a nan ba. Kai a rumfa kake zaune mai kwano da fanka. Ni a gindin bishiyar furut nake soya awara da doya tun ƙarfe 3 na rana, kusa da ni ga mai gyaran takalmi, ga mai yankan farce, ga masu jiran danfo, wato motar haya. In aka sare ta ina za mu? Ka taɓa tsayawa a tashar da babu inuwa a watan Maris, kwalta na tururi? Ko sunan unguwarmu ma daga bishiya ya samo asali. Idi-Araba a Yarbanci gindin araba kenan, araba kuwa ita ce rimi. Haka Mangoro da ke kusa da su Baban Khalifa, haka Idi-Oro a Mushin. Mutanen da suka kafa garin nan da bishiya suke kwatance. Don reshe ɗaya ya ruɓe ba za a ce a aske gari ba. A duba mai ciwo a yi mata magani, shi ne maganar.

Alhaji Mai Albasa, Mile 12:
Hajiya na ji, kuma ban raina sana'arki ba. Amma wa zai duba? Ai shi ne abin da mai tambaya ke kuka a kai. Tunda babu mai dubawa, gara babu bishiyar.

Mai Lambu, Ikoyi:
Salamu alaikum. Ni mutumin Maraɗi ne, aikin lambu nike yi a gidajen Ikoyi shekara 23, daga wajen Glover har Bourdillon babu layin da ban yi aski ma shinge ba. Alhaji, icce ba ya faɗuwa bai yi sallama ba. Mu ne ba mu amsawa. Bari in gaya muku abin da nike dubawa, kowa na iya yi, ba sai mai digiri ba.

Ka fara da gindi, kada ka fara da sama. In ka ga lemar kwaɗi ta tsiro a jikin kututture ko a kan saiwa, to cikin ya fara ruɓa ko da ganye na nan kore shar. In ka ga gara ta yi hanyar laka ta hau, ɗauki ƙotar gatari ka buga. Icce mai lafiya ƙararsa a cike take, mai kogo kuwa kamar ganga zai amsa maka. Sai ka zagaya ka dubi ƙasa. In icce ya karkata gabas, kuma ƙasar da ke yamma da shi ta kumbura ko ta tsage, ko daɓen wurin ya ɗaga, to saiwa ta fara saki. Wannan kada ka kwana ƙarƙashinsa ko dare ɗaya.

Sannan ka ɗaga kai. Reshen da babu ganye a tsakiyar damina matacce ne. Inda rassa biyu suka rabu a matse kamar baki na almakashi, ɓawo ya shige tsakaninsu, nan ne ke tsagewa, kuma na tabbata irinsa ne ya faɗo ma Baban Khalifa. Wanda ya fita a buɗe kamar hannun mutum ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Abin da mutane ba su sani ba game da Legas: ruwa na kusa da ƙasa ƙwarai. A gida darbejiya ko gawo na tura saiwa ƙasa tana neman ruwa. Nan kuwa ka haƙa kaɗan ka tarar da ruwa, a Lekki ma rairayi ne aka cika, shi ya sa saiwa ke shimfiɗuwa a sama kamar tabarma. To sai a zo gina lambatu a datse saiwar gefe guda, a zuba siminti har wuyan iccen. Shekara biyu ko uku yana tsaye kamar lafiya lau, ranar da ƙasa ta jiƙe iska ta zo, sai ya kwanta gaba ɗaya da saiwarsa a sama. Mutane su ce iska ce. Ba iska ba ce, mai haƙa lambatu ne.

Baban Khalifa, Agege:
Allahu akbar. Malam Mai Lambu, kamar kana wurin. Bakin almakashin nan da ka ce, haka yake ba ragi. Kuma akwai wani reshen irinsa a ɗaya gefen, a kan hanyar da yaran Islamiyya ke bi.

Mai Lambu, Ikoyi:
To wannan kada a jira. A ɗaura igiya ko a jera benci a karkatar da yara daga yau, kafin takarda ta fito. Kuma in gaya ma 'yan'uwa laifin da ke namu, don ba hukuma kaɗai ba ce. Mu ke hura wuta a gindin icce, mai shayi da mai tsire da mai ƙona shara. Mu ke sassaƙe ɓawon mangwaro da darbejiya don maganin shawara da zazzaɓi har mu zagaye kututturen. Icce ta ƙarƙashin ɓawo yake aika abinci ga saiwa, in ka zagaye shi ka kashe shi a tsaye. Mu ke kafa ƙusa muna rataya allo. Duk ƙofofin gara ne da ruɓa.

Direban Tirela, Apapa:
Ni ta ɓangarenmu zan yi magana. Doguwar kwantena ƙafa 9 da rabi ce, ka ɗora ta a kan tirela ta haura ƙafa 13 daga ƙasa. A babbar hanya kamar Apapa zuwa Oshodi babu damuwa. Amma ka shiga layukan cikin gari kai kaya sito, sai ka ga reshe ya sauko daidai gilashi. Dole ka koma tsakiyar titi ko hannun masu zuwa, nan take cunkoso ya haɗu, kowa na zaginka. In ka ce ka kutsa, reshe ya yage tamfol, ko ya karye ya faɗa kan motar da ke bayanka, ko ya ja waya. Na taɓa ganin reshe ya share kwandunan tumatir na saman wata mota tas, titi ya yi ja. Alhaji Mai Albasa ya san irin wannan asarar. Kuma wani abin haushi, akwai allunan hanya da ganye ya rufe. Ba ka ga alamar hana shiga ba sai ka shiga, sannan a tare ka a ce ka bi hannun da ba naka ba.

Alhaji Mai Albasa, Mile 12:
Na sani ƙwarai, direba. Shi ya sa na ce abin da na ce.

Injiniya Ƙarami, Surulere:
Akwai abin da ke rikita lamarin da ba a ambata ba. Titunan Legas ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai na tarayya, irin su hanyar Legas zuwa Abakuta da ta Apapa zuwa Oshodi. Akwai na jiha. Sauran layukan unguwa kuma na ƙananan hukumomi ne, su 20 da ƙarin yankunan raya ƙasa 37. Ga kuma rukunonin gidaje masu ƙofa da ƙungiyar mazauna ke gudanarwa. Bishiya ɗaya sai ka ga gindinta a gidan wani, reshenta a kan titin ƙaramar hukuma, ganyenta a cikin wayar kamfanin wuta, izinin taɓa ta kuma a hannun jiha. Hannu huɗu kenan, kowa na iya cewa na wancan ne. In ta faɗi ta tare hanya kuwa ba a rasa mai zuwa: ka kira 767 ko 112, hukumar agajin gaggawa LASEMA na zuwa da injin yanka, hukumar kula da zirga-zirga LASTMA na karkatar da motoci. Tsarin bayan faɗuwa a fili yake. Na kafin faɗuwa ne ya warwatsu.

Mai Gyaran Wuta, Ijora:
Tunda an taɓo waya, ina roƙonku don girman Allah. Duk reshen da ke taɓa wayar sama ko yake kusa da ita, kada wani ya hau, ko da takarda a aljihunsa. Mutane na cewa ai itace ba ya ɗaukar wuta. Busasshe kenan. Ɗanyen reshe cike yake da ruwa, balle an yi ruwan sama. Wayoyin nan uku na can ƙololuwar falwaya masu ƙarfin wuta 11kV ko 33kV ba sai ka taɓa su ba, kusantarsu kawai ta isa wuta ta yi tsalle ta kama ka. Sai kamfanin wuta na yankinku ya kashe layin, sannan a yi aiki. Legas kamfani biyu ne, Ikeja Electric da Eko, kowa ya duba takardar kuɗin wutarsa ya ga nasa. Kuma in waya ta faɗo tare da reshe, kada a ce ai an ɗauke wuta a je a ja. Ana iya maido ta kowane lokaci. Da yawa daga ɗaukewar wutar da muke sha da damina ma, reshe ne ke kaɗa waya biyu su haɗu, fis ya tashi a taransifoma.

Sarkin Faskare, Oko-Oba:
Gaskiya ne. Akwai abokin sana'armu da muka kai gawarsa gida ta wannan hanyar. Allah ya jiƙansa.

Maman Ummi, Idi-Araba:
Allah ya jiƙansa da rahama.

Malamin Islamiyya, Zangon Agege:
Amin. Jama'a, addininmu bai bar wannan babin a buɗe ba. Ya tabbata a hadisi ingantacce cewa kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani, kuma an ba da labarin mutumin da aka gafarta masa saboda ya janye reshen ƙaya daga hanyar mutane. A wata ruwayar, an ga mutum yana jin daɗinsa a Aljanna saboda bishiyar da ya sare wadda ke cutar da masu wucewa. A ɗaya hannun kuma akwai kashedi mai tsanani ga wanda ya sare magaryar da matafiya da dabbobi ke fakewa a inuwarta ba da wani dalili ba. Ka ga Alhaji da Hajiya kowa na da madogara, ma'aunin shi ne cuta. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani cewa reshen da ya miƙa ya shiga haƙƙin wani yana cutar da shi, ana umartar mai bishiyar ya yanke abin da ya shiga. Hanya kuwa haƙƙin kowa ce. Saboda haka mai gidan da aka gaya masa ya ga tsaga da idonsa ya yi shiru, ina ji masa tsoron haƙƙin yaron nan a wuyansa. Ka je masa da lalama, ka tuna masa, ya sa hannu a kuɗin magani da gyaran keke.

Baban Khalifa, Agege:
Allah ya gafarta Malam, in sha Allahu zan je masa tare da limaminmu. Mutumin kirki ne, tsoro ne ya yi masa yawa.

Dattijo Mai Ritaya, Ebute Metta:
Ni tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, shekaruna sun haura 70. Mun taso a Zariya mun ga duba-gari. Ranar da zai shigo unguwa tun asuba mata ke share tsakar gida, ana wanke randa, don zai leƙa ya ga ko akwai ƙwayan sauro. Ba gida kawai yake dubawa ba, har ciyawar bayan katanga da reshen da ya sauko hanya. Abin da ya sa ake jin maganarsa, an san ranar zuwansa, an san fuskarsa, kuma zai dawo ya ga ko an gyara. Dawowar nan ita ce aikin.

Ina so kuma a yi maganar shinge, don kowa ya tafi kan manyan bishiyoyi. Ni da ƙafa nake yawo. Masu manyan gidaje na dasa furanni a wajen katangarsu, su bar su su cinye inda mai ƙafa zai bi. Akwai mai jan fure ɗin nan mai ƙaya, ya taɓa yaga mini hannun riga har da fata. Dole ka sauka kan kwalta ka haɗa kafaɗa da mota. A kan kwana kuwa, shinge ya fi tsayin mutum, mai fitowa daga layi ba ya ganin mai tahowa sai ya turo hancin mota tsakiyar titi. Jikata na riƙe da hannuna muka tsallake rijiya da baya a irin wannan kwanar bara. Wannan ba ya buƙatar injin yanka ko dogon izini, almakashin lambu ne da awa ɗaya.

Mai Lambu, Ikoyi:
Baba ya yi gaskiya. Ni shingen kwana ba na barin shi ya wuce ƙuguna, don wanda ke zaune cikin ƙaramar mota ya hango ta samansa. Da damina kuma kowane sati biyu zuwa uku yake son aski. Amma wasu iyayen gidan su suke hana mu, wai kada a leƙa musu gida.

Ɗan Acaɓa Na Da, Alaba Rago:
Ku yi haƙuri zan ɓata muku zance. Kuna ta kiran a zo a duba, a zo a duba. Kun san me kuke jawo mana? Duk wani sabon mai dubawa a garin nan, sabon mai karɓa ne. Ba gidan mai shingen zai buga ba, don akwai kare da mai gadi. Wajen Maman Ummi zai tsaya ya ce ta kafa kasko a gindin bishiyar gwamnati, ya kifar da mai. Mu da muka yi acaɓa mun ga yadda ake fara doka da sunan kare rai, ta ƙare a kan talaka. A bar kaza cikin gashinta.

Maman Ummi, Idi-Araba:
Wannan tsoron ni ma ina da shi, ɗana, ba zan ɓoye ba.

Baban Khalifa, Agege:
Ɗan'uwa, na fahimce ka, kuma ba ƙarya ka yi ba. Amma ka zo ka ga yaron nan da hannu a rataye a wuya. Shi ma talaka ne. Reshe ba ya faɗa wa mai jif da ke wucewa cikin daƙiƙa biyu, wanda ke wuni a ƙarƙashinsa yake samu: mai shayi, mai faci, mai jiran fasinja. Rashin dubawar ma a kanmu yake ƙarewa. Ni ba cewa na yi a sako mana masu kaki su yi ta kame ba. Cewa na yi a san wata guda a shekara, kafin ruwan farko, a ce Fabrairu, a sanar a masallatai da coci-coci cewa ranar kaza za a bi layi kaza. A zo da wanda ya san itace. Wadda ke da haɗari a shafa mata jan fenti, a ba mai gida takarda da wa'adi, a manna kwafi a bango kowa ya gani. Abin da aka yi a bainar jama'a da rana tsaka, wuyar karɓar na goro gare shi.

Injiniya Ƙarami, Surulere:
Wannan shawarar ta zauna. Kuma lokacin da ka zaɓa daidai ne, don iskar farkon damina a Maris da Afrilu ta fi kayar da itatuwa, kafin ruwa mai yawa na Yuni da Yuli. Gwamnati ta ware 14 ga Yuli ta kowace shekara don dashen bishiya tun zamanin Fashola, abu ne mai kyau. Wanda ya ware ranar dashe ya kamata ya ware ta duba waɗanda suka tsufa. Kasuwanni ma ai suna rufe har ƙarfe 10 na safe kowace Alhamis don shara, kowa ya saba. In an iya wannan, za a iya wancan.

Ɗan Acaɓa Na Da, Alaba Rago:
In da mutanen unguwa a cikin tawagar, da sunan kowa a rubuce, zan yarda. In su kaɗai ne, ina nan kan bakana.

Ɗan Zazzau, Ikeja:
Ai akwai hanyar shigar da mutanen unguwa. Kusan kowace unguwa a Legas na da ƙungiyar ci gaban al'umma, CDA, kuma ƙaramar hukuma ta san da su. Matsalarmu mu Hausawa ba ma zuwa taronsu, muna ganin na masu gida ne, mu 'yan haya ne. Alhali ana karɓar kuɗin tsaro da na ƙofa a hannunmu. Takardar da ta fito da hatimin CDA, da sa hannun Bale, wato mai unguwar Yarbawa, da na Sarkin Hausawa, ba a ajiye ta kamar ta mutum ɗaya mai shago. Baba, ka turo mini hotunan reshen da ya rage, ta nesa da ta kusa, da sunan layi. Zan rubuta muku takardar da Turanci yau da dare, kwafi uku. Duk inda kuka kai, ku sa a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku kwafin, kada ku baro shi.

Alhaji Mai Albasa, Mile 12:
To ni dai ban sauka daga ra'ayina a kan tsofaffin da suka ruɓe ba, a sare su. Amma in za a rage wa na layin Baban Khalifa reshe, kuɗin takardar izinin a kaina.

Sarkin Faskare, Oko-Oba:
In takarda ta fito ni zan hau, ladan hawa na yafe saboda yaran makaranta. Ku tanadi mutum huɗu masu riƙe igiya da masu tsayar da motoci ta kowane gefe. Reshe mai nauyi irin wannan gunduwa-gunduwa ake sauke shi daga ƙarshe, ba a sare shi a tashi ɗaya.

Mai Lambu, Ikoyi:
Sarki, ka fara ɗan shiga ta ƙasan reshen kafin ka yanko ta sama, don kada ya ɓare ɓawon uwar in zai sauka. Kuma kada a yi masa ƙwal-kwabo a guntule kansa duka, rassan da za su tsiro bayan haka ba su da ƙarfi, shekara kaɗan su ma su fara zubowa. Lahadi ba ni da aiki, in an sa ranar zan zo in duba sauran na layin.

Baban Khalifa, Agege:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Yanzu na dawo daga gidan, ni da liman. Mai gidan ya karɓe mu hannu biyu, ya ce zai sa hannu a takardar, ya kuma ɗauki rabin gyaran keken. Mun ja igiya daga falwaya zuwa ƙofar shagona, yaran Islamiyya ta bayan masallaci suka bi da yamman nan. Shugaban CDA ya ce in same shi bayan sallar Juma'a. Ƙanina Ɗan Zazzau, ga hotunan nan na tura maka guda biyar, na ukun shi ne tsagar ta kusa.